Ruwan da Ba Ya Ɗiga Ƙasa

Litinin, 3 ga Fabrairu, da safe

Ruwan lagireton jif ya sake raguwa. Ranar Juma'a da hannuna na cika shi har wuya, na haɗa da shuɗin maganin nan da ke hana sanyi daskarar da injin. Yau na buɗe murfi, sai da na haska tocila kafin na hango ruwan can ƙasa. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin motar, siminti a bushe ƙayau. Ruwa ba ya ɓacewa haka kawai. Akwai inda yake bi.

Wannan aikin Emyr ne, ba nawa ba. Amma ɗan nawa ya kwashe kayansa tun ranar Alhamis ya koma wani ɗan ɗaki mai taya a bayan wurin yankan katako a garin Corwen. Ya bar mini tumaki masu ciki, da karyarsa Fflei, da tsohuwar motar marigayi ubansa, wadda ita kaɗai ke iya hawa tudunmu da harawa.

Ban kore shi ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce. Ban kore shi ba.

Talata, 4 ga Fabrairu, da yamma

Maƙwabcinmu Meirion ya hauro da tsohuwar taraktarsa. Tun muna makaranta bakinsa ba ya hutawa, tsufa kuma bai rage masa komai ba. Ya zagaya motar yana bubbuga ta, ya ce tsakanina da ita bai san wadda ta fi taurin kai ba, sai dai ita ana iya buɗe mata bonet a ga abin da ke damunta. Na ce masa idan ba'a ya zo yi, ƙofa tana nan inda ya bar ta.

Ya mammatsa tiyoyin ruwa ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Ya ce in shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai, inda ɗigo ya faɗa nan ne ciwon yake.

Da zai tafi ya tambayi Emyr. Na ce maganar gida ce.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da safe

Kwali a bushe. Na ƙara buta ɗaya.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da rana

Na gasa burodin zabibi kafin in tuna ba mai ci. Asabar ce ranar jikata Nel, 'yar Emyr. Da yanzu tana nan a kan kujerar da ke kusa da murhu tana lilo da ƙafa tana cewa Nain, Nain, wato Kaka, yanko mini ta wajen ɓawon. Safarta ma tana nan rataye tun zuwanta na ƙarshe. Yarinyar nan kullum da jiƙaƙƙiyar safa take saukowa daga mota, na yi faɗan shiga kududdufi har na gaji, ita kuma ta rantse ba ta shiga ba. Ƙarya tun ana shekara shida. Na gaya wa ubanta a lokacin, abin da aka ƙyale yana ƙarami shi ne ke girma.

Bari in rubuta abin sau ɗaya, ba zan sake ba.

Lahadin da ta gabaci tafiyar Emyr muna dawowa daga coci, ni a gefensa, hitar ɗumama mota a kunne, sai na ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, mai nauyi, ya cika motar. Na san irinsa. Haka ɗakinsa yake yi a shekarun da yake shan barasar tuffa, shekarun da suka raba shi da matarsa Sioned. Gilashin gaba ya yi hazo, yana ta gogewa da hannun riga, a bakin gada har ya kusa shafar katanga. Na tambaye shi. Ya ce, "Mam, ban sha komai ba." Wannan jimlar na ji ta a da, da wannan muryar, a lokacin da kwalba ke cikin aljihunsa.

Sharaɗin da Sioned ta gindaya a fili yake: Nel za ta riƙa zuwa ran Asabar muddin bai koma ba. A wannan motar yake ɗauko ta, ta kan hanyar tudu mai kwana-kwana. Na kwana biyu ina addu'a, sannan na ɗaga waya na kira Sioned.

Uwa ba abokiyar ɓoye laifi ba ce. Da na yi shiru wani abu ya sami yarinyar, da wane ido zan dubi mutane? Na yi abin da ya wajaba a kaina.

Na ba Meirion burodin.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, bayan coci

Ni na tuƙa kaina. Sitiyarin motar nan sai ƙarfin namiji, amma na kai. Na buɗe hita har ƙarshe saboda gwiwoyina.

Ƙamshin yana nan. Mutumin ba ya motar fiye da mako, amma abin ya shiga kujeru ya zauna. Da na dawo na bincika ƙarƙashin kujeru, da akwatin kayan gyara, da bayan tayar ajiya. Ban sami kwalba ba. Masu sha sun iya ɓoyo, wannan ba sabon abu ba ne a wurina. Buzun da ke wajen ƙafar fasinja ne kawai ban ɗaga ba, ba a ɓoye kwalba a ƙarƙashin abu shimfiɗaɗɗe. Mijina Idwal ne ya jeme mini shi da hannunsa daga baƙin ragonmu, shekarar da muka sayi motar, don ƙafata na saurin yin sanyi. Tun rasuwarsa na hana kowa ɗaga shi.

A coci matan suna ta kallon wurin zaman da ke gefena. Na ce musu aiki ya samu a gari. Ba ƙarya ba ce, yana yankan katako.

Buta biyu yau. Abin gaba yake yi.

Talata, 11 ga Fabrairu, da hantsi

Meirion ya ce idan ba ya zuba waje, to ciki yake zuba, wato gaskit ɗin kan injin ya ƙone. Na san wannan aikin ya fi ƙarfin motar da ta kai wannan shekaru. Ya zaro sandar auna baƙin mai, man baƙi ne wuluk, babu alamar ruwa. Ya buɗe murfin mai yana neman farin kumfa kamar madarar da ta tsinke, babu. Ya sa na tayar da ita ya tsaya a bayan salansa yana shaƙa kamar karen farauta. Babu farin hayaƙi.

Daga nan ya juya ya ce murfin lagireton ne, robarsa ta mutu, tururi ke gudu ta nan. Ya kawo wani daga tarkacensa ya ɗaura, ya ce idan ba shi ba ne zai cinye hularsa.

Muna shan shayi ya ce ya ga Emyr a kasuwar tumaki jiya, ya rame. Wai shayi yake sha, sukari cokali uku, kamar kullum. Na ce ai ba a gaban mutane ake yi ba. Ya ajiye kofi ya ce, "Eirlys, ke da ko ɗigon barasa bai taɓa shiga bakinki ba, ko a ɗaurin auren 'yarki ruwan lemo kika sha, a ina kika san warinta?"

Na ce na zauna gida ɗaya da ita shekaru. Ya kamata mutane su san iyakarsu a gidan wasu.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, da safe

Ba murfin ba ne. Meirion yana da hular ci.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, da yamma

Na kira Emyr, a kan maganar mota kawai. Ya ce in duba bayan fanka, idan famfon ruwa ne zan ga farin sawu kamar gishiri a jikin ƙarfe. Ya tambayi Fflei, ko tana cin abinci. Bai tambayi gwiwata ba.

Kafin ya ajiye ya ce Sioned za ta ga lauya ƙarshen wata, a mayar da ganin Nel na awa ɗaya a gaban wani. Ya faɗe shi kamar mai karanta farashin ulu. Na ce idan mutum ya gyara halinsa, ƙofofi suna buɗewa da kansu. Na ji numfashinsa a wayar, sannan na ji ta mutu.

Babu farin sawu a bayan fanka.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ban gasa komai ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu, da yamma

Ƙanƙara ta rufe tudu, na kai harawa sau biyu. Fflei yanzu a gaba take zama, a kan buzu. Emyr bai taɓa yarda ba, wurinta baya ne tun tana 'yar kwikwiya. Ni ma ban yarda da kare a gaban mota ba. Amma shirun ya yi yawa, kuma idan ta ɗora haɓarta a kan kujera tana kallona, hanyar ta fi gajarta. Sai lasar buzun take yi ba ji ba gani. Na kwaɗe ta sau biyu, ta koma. Kewar mai gidanta ce.

Buta biyu.

Talata, 18 ga Fabrairu, da rana

To, ga shaida ta fito. Mun sauko daga tudu da hantsi, ba a jima ba Fflei ta fara tangaɗi a tsakar gida, ƙafafun baya suna harɗewa, ta yi amai, ta kafa kai a bokitin ruwa kamar ba za ta ɗago ba. Tafiyar nan na san ta. Ta tono inda Emyr ya ɓoye kwalbarsa, wataƙila a rumbun harawa. Har dabba marar laifi abin ya shafa.

Na rufe ta a garke ta yi barci abin ya sake ta. Gobe zan kira Meirion ya zo ya gani da idonsa, shi mai shayi da sukari uku.

Allah ya gafarta mini, na ji wani sanyi a raina.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Jiya ina ajiye alƙalami Meirion ya shigo da sabon tiyo da yake so mu gwada. Na kai shi garke don in nuna masa. Ya durƙusa, ya buɗe bakin karyar ya shaƙa, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai yi ba'a ba. Ya sungume ta ya ce in tayar da mota.

Likitar dabbobi a Corwen sabuwa ce, yarinya, ba ta jin yarenmu, da Turanci muka yi. Tambayarta ta farko ita ce ko karyar ta kai bakinta ga maganin lagireto. Ta ce yana da zaƙi, karnuka na son sa, yana sa su tangaɗi kamar mashaya, daga nan ya kashe ƙoda. Na ce ba zai yiwu ba. Garwar tana kan kanta a rufe, motar kuma ko ɗigo ba ta zubarwa ƙasa, na shimfiɗa kwali na gani.

Sunan Emyr ne a katin karyar, sun riga sun kira shi. Ya shigo da garin katako a gashinsa. Bai gaishe ni ba. Ya saurari likita, sannan ya juyo ya ce, "Mam, ina take zama a mota?"

Na ce a gaba.

Ya fita. Da ya dawo yana riƙe da buzun Idwal da hannu biyu, don ya yi nauyi. Ta sama gashin baƙi ne kamar kullum. Ta ƙasa yana ɗiga, shuɗi, shuɗi, a kan farin daɓen asibitin. Ƙamshin ya cika ɗakin. Shi ne. Shi ne na ranar Lahadi.

Meirion ya cire hularsa yana juya ta a hannu.

Likita ta ce an kawo ta da sauran lokaci, amma da ƙyar. Maganin kuma, wannan ne abin da har yanzu ban iya haɗiyewa ba, barasa ce. Tsantsarta, fara kamar ruwa, ake ɗura wa dabbar ta jijiya, ita ce ke tare gubar kafin ta kai ƙoda. Ta fasa kwalbar a gabanmu. Emyr yana zaune a ƙasa, kan Fflei a cinyarsa, kwalba a buɗe kusa da kafaɗarsa. Na ga yadda ya kawar da fuska, na ga muƙamuƙinsa yana motsi.

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Matso, Mam. Shaƙa. Wannan ne warinta, don ki sani."

Na matsa. Tana yankan hanci kamar maganin goge rauni. Babu zaƙi a cikinta ko kaɗan.

Ya ce rabonsa da kusantar buɗaɗɗiyar kwalba haka tun Nel na koyon magana.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da hantsi

Meirion ya kwance akwatin hita. Ashe a ciki akwai wani ɗan ƙaramin lagireto, ruwan zafin injin ke bi ta cikinsa ya ɗumama mutane. Tsatsa ta huda shi. A irin waɗannan tsofaffin motoci ruwa ba ya shiga can sai an buɗe hita. Idan an buɗe, ya tsiyaya ta ciki zuwa wajen ƙafar fasinja, buzu ya shanye, tururinsa ya hau gilashi. Ni kullum da takalmin roba nake shiga, ban taɓa jin danshi ba.

Emyr ba ya kunna hita. Ko a tsakiyar hunturu taga a buɗe yake tafiya, kamar ubansa. Mutum biyu yake kunna wa: ni da Nel.

Nel tana tuɓe takalmi a mota don ta cusa ƙafa cikin gashin buzun. Na sani. Na sha ganinta.

Na sauke safar daga jikin murhu na shaƙa.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, da rana

Fflei ta yi fitsari, likita ta ce alama ce mai kyau. Ban taɓa zaton zan gode wa Allah a kan fitsarin kare ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da yamma

Na sa buzun a buhun dusa, Meirion ya kai ni gidan Sioned ya jira a waje. Nel tana gidan ƙawarta, na gode da haka.

Duk hanya ina shirya maganar, amma da ta buɗe ƙofa abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne matakalarta na buƙatar shara. Na shiga, na ɗora buhun a kan teburin girkinta, na buɗe, na ce ta shaƙa.

Ta shaƙa. Ta zauna a hankali. Ta ce wannan ne warin da take wankewa daga safar Nel tun kafin Kirsimeti, ta ɗauka wani sabulun da nake amfani da shi ne.

Na ba ta labarin hita, da karyar, da asibiti. Na faɗa daki-daki yadda ya faru. Ta ji har ƙarshe, sannan ta ce, "Kin san abin da ya fi ci mini rai? Ko tambayarsa ban yi ba. Da kika kira na yarda nan take, saboda kowa ya san Misis Puw ba ta ƙarya."

Na ce ai ban yi ƙarya ba.

Ta ce, "A'a. Kin dai tabbata ne."

Na ce na yi kuskure. Kalmar ta fito kamar ana zare ƙaya. Ta ce ba ita ce ya kamata ta ji ba. Amma a gabana ta ɗauki waya ta soke ganin lauyan, sannan ta kira shi, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na ji tana kuka. Na naɗe buhuna na fito.

A hanya Meirion ya kafa ido a kan titi. Da ba'ar ya yi, da ta fi mini sauƙi.

Talata, 25 ga Fabrairu, da rana

Emyr ya zo. Fflei tana tare da shi, ta rame, amma tana tafiya daidai. Ba ta zo wurina ba, ban kuma kira ta ba.

Bai shiga gida ba, wurin mota ya nufa. Ya cire tiyoyi biyun da ke shiga hita, ya haɗa bakinsu da guntun bututu ya ɗaure, ruwan ya riƙa zagayawa ba tare da ya shiga ciki ba. Na tsaya ina riƙe masa tocila ko da yake rana ce. Hannuwansa irin na Idwal ne, ban taɓa lura ba sai yau.

Na faɗa masa. Ban yi dogon bayani ba, ban kawo maganar wajibi ba, ko da yake ta zo har bakina. Na ce na zalunce shi, ya yafe mini.

Ya ci gaba da ɗaure ƙusa har ya gama. Ya ce, "Na ji, Mam."

Bai ce "ba komai" ba. "Na ji" kawai ya ce.

Zai riƙa haurowa da safe idan tumaki sun fara haihuwa, amma a Corwen zai riƙa kwana. Karyar za ta zauna wurinsa. Nel za ta dawo ran Asabar, can, ba nan ba. Na buɗe baki in ce ɗaki mai taya ba wurin yarinya ba ne, sai na rufe.

Ya sauke bonet ya goge hannu. Ya ce, "Ba za ta ƙara shan ruwa ba. Amma babu hita. Za ki ji sanyi."

Alhamis, 27 ga Fabrairu, da safe

Ruwa yana nan a wuya. Na wanke buzun sau uku, fatar ta ƙandare, ta tsage a tsakiya. Na ƙone shi a bayan rumbu don kada wata dabba ta same shi.

Asabar, 1 ga Maris, da yamma

Na gasa burodin zabibi. Na naɗe shi, na haɗa da safar Nel a wanke, na sauka Corwen.

Ta taga na hango su a ɗan teburinsa, tana zana wani abu, Fflei a ƙarƙashin ƙafarta. Ta gan ni ta ɗaga hannu, ta miƙe za ta taho, ubanta ya ce mata wani abu ta koma ta zauna. Shi ya fito bakin ƙofa. Ya karɓi burodin, ya dubi safar, ya sa ta a aljihu.

Na ce ya gaya mata na san ba ta shiga kududdufi ba.

Ya ce wannan ni zan gaya mata da bakina. Wataƙila Asabar mai zuwa. Wataƙila.

Na hauro gida a hankali. Gilashi tas, ana ganin kowane dutse a hanya. Motar ba ta warin komai. Da na iso na jira injin ya huce, na buɗe murfi: ruwa yana nan inda ya bar shi, ko ɗigo bai ragu ba.

Har yanzu ƙafafuna ba su yi ɗumi ba.